Ɗana Ya Ƙi Sayen Babur ɗin Ƙanƙara Sai Na Zaɓa Masa

Assalamu alaikum Hajiya Shafa'atu.

Ki taimake ni don Allah, ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo, domin saura mako uku aikin hunturu ya fara a garin da ɗana yake, ni kuwa na rasa yadda zan yi. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Ina cikin masu ganin mace mai mutunci ba ta kai sirrin gidanta kasuwa, kuma na sha faɗa wa 'yata haka idan na gan ta tana karanta filin nan naki a waya. Yau ga ni. Da hannuna nake rubutawa, zan kai wa wani Bamisire mai shagon kwamfuta ya aiko miki, tunda shi ba ya jin Hausa.

Shekaruna arba'in da bakwai. 'Yar Kano ce ni, na gama sakandaren 'yan mata aka yi mini aure, kuma shekara ashirin da huɗu ke nan ina zaune a Alƙahira. Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne kuma makaniki a wani ofishin jakadanci da ke unguwar Dokki. 'Ya'yanmu biyu, namiji da mace. Macen, zan kira ta Juwairiyya, tana karatun harhaɗa magunguna a jami'a a Giza, ita kaɗai ke tare da ni yanzu. Bayan rasuwar Malam haya ta fi ƙarfinmu a Dokki, muka koma unguwar Hadayek el-Maadi, hawa na biyar, babu lifta. Ina yin tuwo da dambun nama da kunun gyaɗa ina sayar wa ɗaliban gida, da haka muke rufa wa kanmu asiri.

Namijin shi ne ɗan fari, saboda haka ba za ki ji sunansa a bakina ba, ko na gaskiya ko na aro. Haka aka rene ni. Ban taɓa kiransa da suna ba, ban taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ban taɓa zama na yi hira da shi irin yadda matan yanzu suke yi da 'ya'yansu kamar ƙawaye ba. Da a gida muke, kakarsa ce za ta ɗauke shi tun yaye. To yana shekara ɗaya muka taho nan, ba kaka ba gwaggo, sai ni. Na ciyar da shi, na tsawata masa, na kai shi makaranta. Idan akwai magana mai laushi da za a gaya masa, ubansa ne ke gaya masa. Ban ga laifin wannan ba a lokacin, har yanzu ma ban ce laifi ba ne.

Burina a kansa ɗaya ne, ya zama malami. Ya haddace Alƙur'ani yana shekara goma sha biyar, ya shiga jami'ar Azhar yana karatun shari'a. Akwai yaran da iyayensu suka sayar da gona suka turo su ƙasar nan neman ilimi, shi kuwa a ƙofar gidansa Allah ya ajiye masa. Sai a shekarar 2011, da aka yi ta zanga-zanga makarantu suna rufewa suna buɗewa, ya ce shi zuciyarsa ba ta wajen littafi, tana wajen inji. Ubansa ya goya masa baya a ɓoye, suka nemi wata kwalejin koyon sana'a a Kanada, suka gama komai sannan aka sanar da ni. Ranar da zai tafi ban raka shi filin jirgi ba. Na ce masa duk wanda ya bar ilimin addini ya kama spana ya yi mummunan ciniki, kuma zai gani.

Yanzu sai in gaya miki wata ɗabi'a ta Malam, domin ita ce tushen maganar. Mutum ne da ya san inji ciki da waje, amma bai taɓa sayen abin hawa da ra'ayin kansa ba. Zai yi ta yawo yana dubawa har ya tace guda uku da ya yarda da lafiyarsu, sannan ya ɗauke ni ya kai ni, ya gaya mini ƙarfin kowanne da kuɗinsa da shan mansa, ya yi shiru. Wanda na nuna da yatsa shi zai biya, ko da na ga idonsa yana kan wani. Idan an kawo gida sai in ɗora hannuna a kai in yi bisimilla kafin kowa ya hau. Yakan ce shi ya san wanda zai tashi, ni na san wanda zai dawo da shi gida. Sau huɗu muka yi haka. Babur a Kano muna amarya da ango, sannan motoci uku a kasuwar motoci ta ranar Juma'a a nan Alƙahira, yaran suna biye da mu suna shan rake.

Ta huɗun, a cikin ukun da ya tace akwai wata fara babba, na gan shi ya zagaya ta sau biyu. Ni kuwa na nuna wata ƙarama ruwan toka, dalilina kawai fara ba ta jure ƙurar garin nan. Bayan wata takwas, a watan Maris na 2012, da hantsi, babbar mota ta matse shi a kan titin da ya kewaye gari. A cikin ruwan tokar ya cika. Wani abokin aikinsa da ya zo gaisuwa ya ce, ba da wata manufa ba, da babbar mota ce da wataƙila an fid da shi da rai.

Hajiya, ban yi kuka ba. Mata suka cika ɗakin suna cewa ma'alish, wato a yi haƙuri, suna yaba haƙurina, suna cewa a yi koyi da ni. Ba haƙuri ba ne. Kawai ban ji komai ba. Na yi takaba, na tattara kaya, na sauya gida, ina salla a kan lokaci, ina tuƙa tuwo. Abinci ba ya yi mini daɗi kuma ba ya yi mini ɗaci. Shekara biyu da wata takwas ke nan haka. Yaron bai samu zuwa jana'iza ba saboda takardunsa, da ya kira a waya abin da na ce masa shi ne an binne ubansa ba ya nan, sai ya riƙe wannan. Na faɗa ne kamar yadda zan ce ruwa ya tafasa.

Ya gama kwalejin, ya samu aiki a wani ƙaramin gari can arewacin ƙasar, inda rabin shekara ba a ganin ƙasa sai fari. Aikinsa kai kaya ne, iskar gas da abinci da itace, zuwa bukkokin masu kamun kifi a kan wani tafki da ke daskarewa har a yi tafiya a kansa. Mota ba ta zuwa wurin. Da wani abu suke zuwa mai kama da babur, amma a maimakon tayar gaba yana da ƙafafu biyu masu sulɓi, baya kuma bel ne mai haƙora irin na katafila, yana jan akwatin kaya a bayansa. Bara da tsohon babur ɗin maigidansa ya yi aikin. A watan Fabrairu ya mutu masa a tsakiyar tafkin, ya tako da ƙafa awa uku a cikin sanyin da ya fi na firiza, har aka yanke masa kan yatsun ƙafa biyu. Juwairiyya ta ɓoye mini wata biyar. Ranar da ta faɗa mini ina yanka albasa, tana kuka tana ba ni labari. Na saurare ta, na ce Allah ya ƙara kiyayewa, na ci gaba da yankan albasata. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

A watan Satumba sai ga ta ta dawo daga makaranta da takardu uku masu launi. Wai yayanta ne ya turo, ya ce ta buga su a takarda mai kyau, ta shimfiɗa mini su a jere, kada ta ce komai. Ya tara kuɗinsa zai sayi sabon babur nasa na kansa, domin bana an ba shi aikin kai kayan gaba ɗaya, kuma ya tace guda uku. A bayan kowace takarda an rubuta bayaninsa da Hausa, da babban rubutu saboda idona.

Na farko ja ne. Ƙarfin doki ɗari da sittin, dala dubu goma sha biyar ta can, wanda Juwairiyya ta ce ya kusa fam dubu ɗari a kuɗin nan. Mazaunin mutum ɗaya, ga gudu ga shan mai. Kallo ɗaya na yi masa na san na 'yan iska ne masu neman a gan su.

Na biyu ruwan ɗorawa, shi ne mai araha, dala dubu takwas da rabi, doki hamsin da biyar. Injinsa mai sauƙi ne, da igiya ma ana tayar da shi kamar janareta, kowane makaniki zai iya buɗe shi. Amma garantinsa shekara ɗaya ce, kayan da yake ja ba su da yawa, kuma ya rubuta cewa idan an zo sayarwa ba ya riƙe darajarsa.

Na uku baƙi ne, dala dubu goma sha biyu, doki sittin. Kada ki ga sittin ki raina, domin shi ba don gudu aka yi shi ba, don ja aka yi shi. Injinsa irin na mota ne, ba ya hayaƙi, kuma tanki ɗaya yana kai shi kusan ninki biyu na inda jan zai kai. Bel ɗinsa ya fi na sauran faɗi da tsawo, saboda haka ba ya saurin nutsewa inda ƙanƙarar ta yi laushi. Yana jan kilo ɗari biyar. Mazaunin mutum biyu ne, mariƙin hannunsa yana ɗumi, akwai gilashi dogo da ke tare iska, garanti shekara uku. Aibinsa ɗaya da ya rubuta, nauyi. Idan ya kafe, mutum ɗaya da ƙyar zai fid da shi, shi kuwa yawanci shi kaɗai yake tafiya. Kuma kayan gyaransa sai an aiko daga babban gari, kwana huɗu.

Na san abin da yaron nan yake yi. Ubansa yake kwaikwayo. Sai na karɓi wayar Juwairiyya na danna wurin ɗaukar murya, na yi masa magana ta minti goma sha ɗaya. Na ce masa ashe mahaddacin Alƙur'ani ya koma tallar babura. Na ce sa'o'insa suna nan sun zama malamai ana sumbatar hannunsu, shi yana kai wa masu kamun kifi gas. Na ce wanda bai tsaya a kan kabarin ubansa ba, ba shi da bakin ɗaukar al'adar ubansa. Na ce yaran zamani ba su san bambancin neman albarka da nuna arziki ba, kuma idan albarkata yake so ya san hanyar Azhar. Na ce khalas, magana ta ƙare, kada a sake kawo mini hoton ƙarfe. Duk wannan ban ɗaga murya ba, ban kuma ji zafi a raina ba. Kamar karatu nake yi.

Amsarsa layi biyu ce, ta hannun ƙanwarsa. Ya ce a ba Umma haƙuri. Ya ce ba zai saya ba sai na nuna, idan ban nuna ba zai yi aikin bana da tsohon na maigidansa, an ɗan gyara shi. Tun ranar bai ƙara kira ba, sai dai ya tambayi Juwairiyya ko na ci abinci.

Maƙwabciyata Mahasin, Bahaushiyar Sudan ce, ita kaɗai na ɗan gutsura wa. Ta ce yalla, maza in nuna kowanne in huta, ai ƙarfe ƙarfe ne. Ita ba ta san zancen ruwan tokar ba. Ba wanda ya sani sai ke yanzu.

Takardun suna ƙarƙashin sallayata. Na ce a zubar, da aka ajiye a kan firiji na ɗauke. Kullum bayan la'asar, kafin Juwairiyya ta dawo, sai in fito da su in jera, in karanta gaba da baya, in mayar. Ban san dalili ba. Har na je na tambayi wani tsohon abokin Malam mai gyaran babura a Giza abin da ake nufi da faɗin bel, na ce wata ce ta aike ni.

Ga tambayoyina. Idan na nuna, ba na sa hannu ke nan a kan ya bar karatun addini har abada, ya zauna a ƙasar da ba a jin kiran salla ba? Me zan ce wa Allah a kan amanar da ya ba ni? Idan kuma na nuna, abin ya kafe da shi a tsakiyar tafkin nan, ko ƙanƙarar ta fashe saboda nauyin wanda na zaɓa, yatsan nan nawa ya yi sau biyu ke nan. Na ukun ita ce ta fi ba ni tsoro, in ma tsoro ne. Uwar da aka ce mata an yanke yatsun ɗanta ta ci gaba da yanka albasa, shin zuciyarta ba ta mutu ba kuwa? Idan ta mutu, albarkar me gare ta da za ta sa wa wani?

Ki gaya mini gaskiya. Ni ma ba na ɓoye wa mutane ita.

Uwar biyu,
Hadayek el-Maadi, Alƙahira.

Wa alaikumus salam, Uwar biyu.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Kin nemi gaskiya, kuma lokaci ya ƙure, saboda haka ba zan yi kewaye ba.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe. Ki sake duba wasiƙarki. Jan babur kin sallame shi a layi uku. Ruwan ɗorawa kin ba shi huɗu. Baƙin kuwa kin san faɗin bel ɗinsa, kin san kilo nawa yake ja, kin san kwana nawa kayan gyaransa ke yi a hanya, har kina gargaɗina kada in raina dokinsa sittin. Kin sauko hawa biyar kin shiga mota har Giza don ki tambayi makaniki. Matar da zuciyarta ta mutu ba ta yin haka. Zuciyarki tana nan, ta dai sandare ne tun ranar da aka gaya miki maganar babbar mota, kuma duk abin da ta kasa faɗa da baki tana yin sa a kan takardun nan bayan la'asar.

Game da motar, abokin aikin Malam ya faɗi abin da bai sani ba. Ba wanda ya san abin da farar za ta yi a wannan hantsin, kuma ke da kika reni mahaddaci kin fi ni sanin cewa ajali ba ya duba launin mota. Ki tuna kuma Malam ne ya tace ukun, ya yarda da lafiyar kowace kafin ya kai ki. Ki tuna sau huɗu kika nuna, ba sau ɗaya ba. Babur da motoci biyu sun yi sama da shekara ashirin suna dawo miki da shi gida, amma ba ki sa su a lissafi ba, ta ƙarshe kaɗai kike gani.

Kin ce kin san abin da yaron yake yi, yana kwaikwayon ubansa. Rabinsa kika gani. Ɗanki makaniki ne, kuma shi ke hawa abin nan kullum, ba ya buƙatar wani a Alƙahira ya gaya masa wanne ya fi. Yana cikin masu shan rake a kasuwar nan, ya san wa ke nunawa a gidanku, saboda haka ya san wa ya nuna ruwan tokar. Da ya ɗora miki laifin mutuwar ubansa, ke ce mutum ta ƙarshe da zai miƙa wa zaɓin abin da zai hau a kan daskararren ruwa. Ya miƙa miki. Abin da yake gaya miki ke nan, kuma ba shi da wata hanyar faɗa, domin ku biyun ba ku taɓa samun hanyar magana mai laushi ba sai ta bakin Malam.

Ba zan zagi kunyar ɗan fari ba, ni ma da ita aka rene ni. Amma a gida tana tafiya ne saboda akwai kaka da gwaggo da inna masu rungumar yaron a madadin uwa. Naki ubansa kaɗai gare shi, ya rasu. Yau idan kin yi shiru, babu wanda ke magana a madadinki. Ki riƙe ƙin kiran sunansa in kina so, amma ki saki sauran.

Kina da gaskiya a wurare. Baƙin cikin barin karatunsa na gaske ne, kuma shi da ubansa ba su kyauta ba da suka gama shiri a bayanki. Shi ma yanzu yana da nasa kuskuren. Bai kamata ya ce ko ki nuna ko ya koma kan babur ɗin da ya ci masa yatsu ba. Wannan ɗora miki nauyi ne da jikinsa, kuma taurin kai ne, ina jin kin san inda ya gado shi. Ki gaya masa haka in kun yi magana. Sai dai maganarki ta minti goma sha ɗaya ta wuce gona da iri, musamman zancen kabari. Yaron da takardu suka hana zuwa jana'izar ubansa ba ya buƙatar a tuna masa sau biyu. Wannan kam ki janye ta da bakinki. Uwa ba ta raguwa don ta ce na faɗi abin da bai dace ba.

Ki raba zancen babur da zancen Azhar, ba a igiya ɗaya suke ba. Ƙin nunawa ba zai dawo da shi aji ba, tsohon babur kawai zai mayar da shi. Mahaddaci kuma mahaddaci ne ko a ina yake, kuma kai wa mutane abinci da makamashi a cikin sanyi sana'a ce ta halal. Idan hanya ta buɗe tsakaninku za ki iya tambayarsa yadda yake muraja'a, wa yake salla tare da shi, ko zai ci gaba da karatu daga inda yake. Wanda ba ya kiran waya ba a yi masa wa'azi.

Ga abin da nake so ki yi a cikin makon nan, kada ki kai na gaba, domin ko an biya kuɗi sai an kawo an gwada. Ki yi istihara. Sannan ki kira shi da kanki, murya da murya, ba saƙo ba, ba ta bakin Juwairiyya ba. Ni ban taɓa ganin ƙanƙara a ƙasa ba, amma daga bayanin da kika kawo, jan na wasa ne, kuɗinsa a gudu ya tafi, shi kuwa ba tsere zai yi ba. Ruwan ɗorawa yana da sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, sai dai zai sa shi zuwa sau biyu inda baƙin zai je sau ɗaya, kuma kowace tafiya a kan tafkin nan haɗari ce. Bambancin dala dubu uku da rabi, mai da garanti za su cinye shi a hankali. Damuwarki a kan nauyin baƙin daidai ce, to ki tambaye shi kai tsaye. Akwai abin janyo shi da ake ɗaura masa idan ya kafe? Wa ke auna kaurin ƙanƙarar kafin a hau? Akwai na'urar kiran taimako inda waya ba ta kamawa? Ki sa waɗannan su zama sharaɗinki, tare da cewa duk fita sai wani ya san inda ya nufa da lokacin dawowarsa. Irin wannan tsawa ce yake jira daga gare ki. Idan amsoshinsa sun sa kin sauya ra'ayi kin koma ruwan ɗorawa, ba laifi, shi ya tace su, ya yarda da duka.

Ke kuma, shekara biyu da wata takwas ba a jin ɗanɗanon abinci ba abin a yaba ba ne, ciwo ne, kuma ana maganinsa. Ki gaya wa Mahasin zancen ruwan tokar gaba ɗaya. Ki gaya wa Juwairiyya ma, domin yarinyar nan tana ɗauke da ke da yayanta ita kaɗai, kuma tun ranar albasa tana tsammanin ba ki damu ba. Ki bar ta ta raka ki wurin likita, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini. Idan kuka ya zo ki bar shi, idan bai zo ba kada ki tuhumi kanki. Albarkar uwa ba sai da hawaye take kamawa ba.

Ba za ki iya ɗora hannu a kan babur ɗin ba, yana da nisa. Takardar kuwa tana ƙarƙashin sallayarki. Idan ya ɗauki wayar, ki fito da wadda kika zaɓa, ki ɗora tafinki a kai, ki yi bisimilla da ƙarfi yadda zai ji, kamar yadda ya saba ji yana yaro.

Allah ya sassauta miki, ya shirya tsakaninki da ɗanki, ya sa abin da za ki nuna ya riƙa dawo da shi masauki lafiya har ranar da zai hawo hawa biyar ɗin nan ya gaishe ki.

Hajiya Shafa'atu